Yadda za ka auna Jami'ar Durham kafin ka nemi gurbi

Duk wanda ya ce mini yana sha'awar karatu a Durham, jami'ar nan ta Ingila, abin da nake fara tambayarsa shi ne: a wane sashe? Sau da yawa sai a yi ɗan jim, sannan a ce ai jami'ar ce ta yi suna, ko kuwa an ga hoton tsohuwar fadar nan da majami'a a kan tudu. Hoton gaskiya ne, haka wurin yake. Amma wanda ya shiga Durham gida biyu yake shiga a lokaci guda. Akwai sashen da zai koyar da shi ya ba shi maki, akwai kuma kwalejin da za ta ba shi gado da abinci da abokai. Kowanne da yadda ake auna shi. Na farkon ya fi nauyi nesa ba kusa ba, ko da yake na biyun ne ke ɗauke ido. A can na yi digirina na biyu, a sashen labarin ƙasa, kuma wannan ita ce hanyar da nake bi da duk wanda ya zo neman shawara.

Ka fara sanin yadda aka yi aka kafa ta

Ba don jarrabawa za ka karanta tarihin ba. Shi ne zai bayyana maka abubuwan da za su ɗaure maka kai in ka isa.

Garin yana arewa maso gabashin Ingila. Kogin Wear ya naɗe wani tudu kamar rawani, ya bar mashiga ɗaya tak ta arewa. A shekarar 995 wasu masu hidimar addinin Kirista suka sauka a kan tudun ɗauke da gawar waliyyinsu Cuthbert, wadda magabatansu suka gudo da ita daga tsibirin Lindisfarne saboda hare-haren mayaƙan Viking. Da Normawa, mayaƙan da suka ƙetaro daga arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi sai suka fara gina fadar a 1072, aka sa harsashin babbar majami'ar a 1093. Bishop ɗin Durham na wancan zamani kusan sarki ne: yana da kotunansa, yana buga kuɗinsa, yana tara dakaru, domin shi aka ɗora wa tsaron iyaka da Sikotilan. A 1986 hukumar UNESCO ta sa fadar da majami'ar cikin wuraren tarihi na duniya.

An taɓa yunƙurin kafa kwaleji a garin a 1657, zamanin Oliver Cromwell, amma Oxford da Cambridge suka yi tsaye a kan kada a ba ta ikon bayar da digiri, abin ya mutu. Sai a 1832 aka dace. A lokacin majami'ar Durham na cikin mafiya arziki a ƙasar, musamman saboda kwal da ake haƙa a filayenta, ga kuma guguwar gyaran siyasa na kaɗawa a majalisa. Bishop William van Mildert da wani babban limamin majami'ar, Charles Thorp, suka ga gara su zuba wani kaso na dukiyar a jami'a tun kafin a zo a karɓe. Majalisa ta yi doka a 1832, ɗalibai suka fara karatu a 1833, sarauta ta ba da takardar amincewa a 1837, a shekarar kuma aka miƙa fadar ga kwalejin farko. Durham na kiran kanta jami'a ta uku a tsufa a Ingila. Mutanen jami'o'in UCL da King's College na Landan ba su yarda ba, kuma gardamar ba ta ƙarewa. Kada ka ɓata lokaci a kanta, ba za ta ƙara maka maki ko ɗaya ba.

Ga abin da wannan tarihi zai yi maka amfani a kai. Na ɗaya, za ka ga addinin Kirista a jikin komai na al'ada: zangunan karatu uku sunayensu Michaelmas da Epiphany da Easter, bikin karɓar sababbin ɗalibai da na yaye su duk a cikin majami'ar ake yi. Amma ba wanda zai tambaye ka addininka kafin a ba ka gurbi, an daɗe da barin wannan. Na biyu, jami'ar ba ta da katanga ko ƙofar shiga. A cakuɗe take da garin, sashen tarihi a wannan titi, na kimiyya a can kan wani tudu, kana fita lacca ka faɗa kasuwa. Na uku, kuma shi ne mutane suka fi tuntuɓe a kai: tun asali karatun likita da galibin kimiyya a Newcastle ake yi ƙarƙashin sunan Durham. A 1963 aka raba gari, ɓangaren can ya zama Jami'ar Newcastle. Ɗan abin da ya rage na karatun likita, wanda aka farfaɗo da shi daga baya a Stockton, shi ma an miƙa wa Newcastle a 2017. Saboda haka idan likita kake son zama, Durham ba wurinka ba ce. Sir Milton Margai, firaministan Saliyo na farko, digirin likitansa na Durham ne, amma a Newcastle ya zauna. Kwalejin Fourah Bay da ke Freetown ma ta daɗe tana ba da digirin Durham, daga 1876 har 1967.

Sunan jami'a daban, ƙarfin sashe daban

Za ka ci karo da jerin jami'o'i iri biyu, kuma za su gaya maka magana biyu. A jerin cikin gida, wato na jaridar Guardian, da na Times, da Complete University Guide, Durham ta saba zama cikin goman farko. A jerin Times da ya fito a Satumban 2025 ma ta uku ta zo, a gaban Oxford da Cambridge. A jerin duniya kuwa, irin na QS, kamfanin da ke jera jami'o'in duniya, a can wajen ƙarshen ɗarin farko za ka same ta. Ba wanda ya yi ƙarya. Ma'auninsu ne ya bambanta. Na cikin gida suna duba makin da ɗalibai suka shigo da shi, da yadda suka ji daɗin koyarwa, da irin aikin da suka samu bayan gamawa. Na duniya sun fi duba yawan ambaton binciken malamai a mujallun ilimi da ra'ayin masana na ƙasashe. A wannan fage manyan jami'o'i masu makarantar likita su ke cin kasuwa, domin binciken lafiya ya fi kowane samun ambato. Durham ba ta da girma sosai, ɗalibanta sun ɗan haura 20,000, kuma ba ta da makarantar likita.

Za ka kuma ji ana ta cewa ai tana cikin Russell Group. Haka ne, ta shiga a 2012 tare da Exeter da York da Queen Mary. Amma ka san ƙungiyar jami'o'i 24 ce da suka haɗa kansu da kansu tun 1994 don kare muradunsu, ba wata hukuma ce ta tantance su ba. St Andrews da Bath da Lancaster ba sa ciki, kuma ba su fi kowa rauni ba.

To me za ka duba? Ni abu uku nake sa mutum ya buɗe. Da farko sakamakon REF, tantancewar da ake yi wa binciken kowane fanni a jami'o'in Birtaniya. Na baya-bayan nan shi ne na 2021, kyauta yake a intanet, fanni-fanni. Sai shafin Discover Uni, inda za ka ga abin da ɗaliban shekarar ƙarshe suka ce game da kwas ɗin da kake so, ba jami'ar gaba ɗaya ba. Na uku ya fi su duka, kuma shi ne aka fi kasala a kai: shafin sashen da kansa. Ka shiga jerin malamai, ka ɗauki uku ko huɗu da ke aiki a kan abin da ya dame ka, ka nemo wani abu da kowannensu ya rubuta a 'yan shekarun nan ka karanta ko da gabatarwa ce. Sannan ka buɗe jerin darussan kwas ɗin, ka ga waɗanne ne tilas, waɗanne ne zaɓi, kuma na zaɓin ana gudanar da su a bana ko suna nan ne kawai a takarda. Idan ka gama ba ka ji wani abu ya motsa maka ba, sunan jami'a ba zai riƙe ka a daren da kundi ya ƙi tafiya ba.

Inda Durham ta fi ƙarfi ba ɓoyayye ba ne. Sashen nazarin addini da na ilimin tonon kayan tarihi sukan fito cikin goman farko na duniya a jerin QS na fannoni, labarin ƙasa ma ba ya nisa da su. A fiziks, cibiyarsu ta nazarin sararin samaniya, wadda Farfesa Carlos Frenk ya daɗe yana jagoranta, ta shahara da kwaikwayon yadda manyan tarin taurari suka samu a cikin manyan kwamfutoci. Shari'a da tarihi da adabin Ingilishi gasar shigarsu mai zafi ce. Mai binciken Gabas ta Tsakiya ko Sudan yana da taska a nan: ma'ajiyar takardun Sudan da aka kafa a 1957, cike da wasiƙu da hotuna da taswirorin zamanin mulkin Turawa, da kuma gidan tarihin kayan Gabas da aka buɗe a 1960. Sarkin Sharjah, Sultan bin Muhammad Al-Qasimi, ya yi digirin digirgir a sashen labarin ƙasa na Durham, akwai ma gini da sunansa.

Sannan ka zo kan kwaleji

Kwalejoji 17 ne, kuma kowane ɗalibi dole ya zama ɗan ɗaya daga ciki. Kada ka ɗauka irin na Oxford ne inda kwaleji ke koyarwa. A Durham koyarwa kusan gaba ɗaya aikin sashe ne. Ɗan wannan kwaleji da ɗan waccan aji ɗaya suke zama, malami ɗaya, jarrabawa ɗaya, digiri ɗaya. Kwaleji wurin kwana ne da ci da wasa da zumunci, kuma can ne za ka je idan rashin lafiya ko rasuwa ko matsalar kuɗi ta same ka.

Wannan tsari ma yana da mafari. A kwalejin farko, wadda kowa ke kira Castle, ɗalibi shi zai sayi kayan ɗakinsa, ya ɗauki mai yi masa hidima, ya shirya abincinsa. 'Ya'yan masu hali ne kaɗai ke iyawa. A 1846 David Melville ya buɗe kwalejin Hatfield da wata dabara: ɗaki da kayansa a ciki, abinci tare a zaure ɗaya, kuɗi sananne tun farkon zango. Abin da yau ake gani kamar haka aka halicci ɗakunan kwanan ɗalibai, a lokacin sabon abu ne. Mata kuwa sai a 1895 aka fara ba su digiri, aka buɗe musu abin da ya zama St Mary's a 1899. Yanzu duk kwalejojin maza da mata ne a haɗe.

An saba raba su gida biyu. Akwai na Bailey, tsohon titin da ke bayan majami'a: Castle, Hatfield, St Chad's, St John's da St Cuthbert's. Gine-gine tsofaffi, matakala ƙunci, wani ɗakin mutum biyu, amma kana tsakiyar gari. Akwai kuma na kan tudu, kudu da kogi, waɗanda aka gina galibi bayan yaƙin duniya na biyu: Grey a 1959, Van Mildert a 1965 da tafkinta mai agwagi, Trevelyan a 1966, Collingwood a 1972 wadda ta yi suna a wasanni, Josephine Butler a 2006, sai South, autarsu, a 2020. Waɗannan sun fi kusa da sassan kimiyya da babban laburare na Bill Bryson. Ustinov ta masu digiri na biyu da na uku ce zalla, kuma nan na zauna. A kicin ɗinmu na bene ɗaya kana iya jin harsuna huɗu kafin ruwan shayinka ya tafasa.

Tambayoyin da za ka yi wa kanka a nan ba su da alaƙa da kyan gini. Kwalejin tana dafa abinci ne ko kai za ka dafa? A wasu, kuɗin ɗaki ya haɗa da ci sau uku. A wasu irin Josephine Butler da Ustinov, kicin za a ba ka. Idan kana da ƙa'idar abinci, ta addini ko ta lafiya, ka rubuta musu ka tambaya tun kafin ka zaɓa, kada ka bari sai ka iso. Makewayi naka ne kai kaɗai ko na tarayya? Za a bar ka a ɗakin lokacin hutu, ko sai ka kwashe kaya? Wannan tambaya ta ƙarshe ba ƙarama ba ce ga wanda gidansu ke wata nahiya. Sai kuma nisa da sashenka, kuma a Durham ba a auna nisa da tsawon hanya kawai, sai an haɗa da tudu. Akwai hawan da ɗalibai suka laƙaba wa suna Cardiac Hill saboda yadda yake sa zuciya bugawa.

Wani abokina ɗan Castle ya taɓa gayyata ta liyafar dare a babban zauren fadar. Kowa da baƙar alkyabba a kan kwat, dogayen tebura, hotunan tsofaffin shugabanni a bango. Aka buga tebur, muka miƙe tsaye, malamai suka shigo a jere suka hau teburinsu na sama, wani ɗalibi ya karanta addu'a da Latin, sannan aka zauna. Abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Amma da na lura sai na ga na kusa da ni yana duba waya a ƙarƙashin tebur, abincin kuma kaza ce da dankali irin na kowane gida. Wasu kwalejojin, kamar Collingwood, ba sa sa alkyabbar ma sam. Idan irin wannan al'ada na faranta maka rai, ka sa kwalejojin Bailey a gaba. Idan tana takura ka, ka hau tudu. Ka dai sani zaɓin ba a hannunka yake gaba ɗaya ba: bayan an ba ka gurbi za ka jera waɗanda kake so, jami'a ta raba. Castle kowa na so, ɗakuna kuwa kaɗan ne. Na ga mutane da yawa da aka tura inda ba su zaɓa ba, kafin Kirsimeti sun zama su ne masu rantsuwa cewa tasu ta fi ta kowa.

Neman gurbin da lissafin kuɗi

Mai neman digiri na farko ta UCAS zai bi, wato cibiyar da ke karɓar takardun neman shiga jami'o'in Birtaniya, inda ake zaɓar kwas har biyar, kuma wa'adin da ya dace ka kiyaye yana cikin Janairu. Makin da ake nema yana da tsauri, galibi A ne a jere a jarrabawar A-level ta kammala sakandare a Birtaniya ko makamanciyarta, wasu fannonin har da A mai tauraro. A bayanin da za ka rubuta game da kanka, kada ka cika shi da yabon jami'a, domin rubutu ɗaya ne zai je wa duka biyar. Ka faɗi abin da ka karanta a fannin, da inda ka ƙi yarda da marubucin. Mai neman digiri na biyu kai tsaye zai nema a shafin jami'ar. Shekara guda ce cur, ana farawa da kaka, watannin ƙarshe kuma na kundi ne. Idan tallafin Chevening ko na Commonwealth kake hari, ka fara shiri shekara guda kafin lokacin, domin nasu wa'adin yana riga na jami'a rufewa.

Ɗalibin waje sai jami'a ta ba shi lambar CAS, wato shaidar cewa ta karɓe shi, kafin ya nemi biza, kuma sai kuɗin da aka ƙayyade sun kwana 28 a jere a asusu. Akwai kuɗin kiwon lafiya da ake biya tare da bizar, fam 776 a shekara tun Fabrairun 2024. Tun Janairun 2024 kuma mai digiri na biyu na aji, wanda ba na bincike ba, ba ya zuwa da iyali sai in gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa. Ana barin ka aiki awa 20 a mako lokacin karatu, amma kada ka gina lissafinka a kai. Garin ƙarami ne, masu neman aikin kanti da gidan abinci sun fi guraben yawa. Dokokin nan suna sauyawa, shafin gwamnati na gov.uk shi ne abin dogaro, ba maganar wani a WhatsApp ba.

Yadda karatun yake in an shiga

Zangon farko da na biyu kusan mako goma-goma ne, kuma gudu suke yi. Na uku na bita ne da jarrabawa, a Mayu da Yuni. Awannin aji ba su da yawa, musamman a fannonin da ba na ɗakin gwaji ba, kuma nan tarkon yake. Ana sa ran sauran lokacin kana laburare. Lacca malami ke magana, amma a ƙaramin aji na tattaunawa kai za ka yi. Za a zauna mutum goma sha wani abu, malama ta jefo tambaya a kan abin da aka ce a karanto, ta naɗe hannu ta jira. Na ga shirun da ya yi tsawo har ana jin ƙarar bututun ɗumama ɗaki, ita kuwa ko a jikinta. Ka karanta, ka zo da tambaya ko ɗaya a rubuce.

Aiki iri biyu ake bayarwa: na gwaji wanda makinsa ba ya shiga lissafi, da na gaske. Mutane na raina na gwajin, alhali shi ne damar da za ka ji ra'ayin malami kyauta kafin a yanke maka hukunci. Maki kuma kada ya tsorata ka. Daga 70 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, 60 zuwa 69 daraja ta biyu babba, wadda ita ce yawancin masu ɗaukar aiki ke nema. Wanda ya samu 65 ya yi ƙoƙari ƙwarai. A digiri na farko makin shekarar farko ba ya shiga darajar ƙarshe, sai dai ka ci ka wuce, shekarar ƙarshe kuma ta fi nauyi. Kowane malami na da awannin da ƙofarsa ke buɗe, kuma galibi zaune yake shi kaɗai. Ka je. Batun kwafar rubutun wani ba tare da faɗin inda ka samo ba kuwa, ba sani ba sabo. Haka amfani da ƙirƙirarriyar basira, ka karanta dokar sashenka tun makon farko.

Garin da mutanensa

A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Kana fitowa daga laccar ƙarfe uku ka tarar an kunna fitilun titi. A Yuni kuwa har kusan goma na dare da sauran haske. Mai salla da azumi ya san abin da wannan ke nufi, ya shirya. Jami'a na da ɗakin salla a unguwar Old Elvet, akwai kuma ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Duhun hunturu yana taɓa zuciya fiye da sanyin, maganinsa kuma shi ne kada ka kulle kanka a ɗaki. Abin yi ba ya ƙarewa: tseren kwale-kwale a kan Wear, wanda gasarsa ta garin ta faro tun 1834, filayen wasa na Maiden Castle, zauren muhawara na Durham Union da aka kafa a 1842, jaridar ɗalibai Palatinate da ke fitowa tun 1948. Yawancin wasannin tsakanin kwalejoji ne, ba sai gwani ba. Gaskiya ne zaman dare na ɗalibai da yawa a kan giya yake tafiya, kowace kwaleji da mashayarta, amma wanda ba ya sha ba a tilasta masa. Hanyoyin bakin kogi suna da kyau da rana. Da dare ka bi titi mai fitila, domin tsakanin 2013 da 2015 ɗalibai uku sun rasa ransu a ruwan.

Akwai wata magana da littafin talla ba zai gaya maka ba. Kimanin kashi 7 cikin 100 na yaran Birtaniya ne ke zuwa makarantun kuɗi, amma a Durham sun kai kashi ɗaya bisa uku na ɗaliban gida, ko fiye. Galibi daga kudu suke. Yankin da jami'ar ke zaune kuwa ƙasar mahaƙa kwal ce da ta sha wuya bayan yajin aikin 1984 zuwa 1985 da rufe ramukan ƙarshe a farkon shekarun 1990. Ana jin wannan tazara, har ɗaliban da suka fito daga arewacin Ingila sun taɓa kokawa a fili cewa ana yi wa karin harshensu dariya. Idan kana son ganin ɗaya fuskar garin, ka tsaya har Asabar ta biyu a Yuli, ranar bikin mahaƙa da aka fara tun 1871. Masu digiri na farko sun tafi hutu, mu masu kundi ne muka rage. Tun da safe ƙauyuka ke shigowa, kowanne da ƙatuwar tutarsa ta siliki mai zanen tsofaffin shugabannin ƙwadago, masu busa ƙahonin tagulla na biye. A Old Elvet kowace tawaga za ta tsaya ta busa waƙa ɗaya kafin ta wuce filin taro. Na ga wani dattijo ya cire hula da tutar ƙauyensu ta zo wucewa, ramin da ya yi wa aiki kuwa an rufe shi tun kafin a haifi yawancin masu kallo.

In gari ya ishe ka, Newcastle tafiyar kusan minti 15 ce a jirgin ƙasa, can ne filin jirgin sama da manyan kasuwanni. Landan kusan awa uku. Ka yanki katin rangwame na ɗalibai, yana rage kashi ɗaya bisa uku na kuɗin tikiti.

Gidan shekara ta biyu

Wannan ya fi shafar masu digiri na farko. Shekarar farko a kwaleji kake, ta biyu yawanci sai ka fita haya, kuma a Durham da wuri ake fara farautar gida. A Oktoban 2022 har kwana ɗalibai suka yi a layi a ƙofar dillalan gidaje, labarin ya shiga jaridun ƙasa. Matsalar ita ce za a matsa maka ka sa hannu tare da mutanen da ba ka fi mako uku da sani ba. Ka ja numfashi. Unguwar Viaduct, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, da Claypath su ne kowa ke rububi, don haka suka fi tsada. Gilesgate da Neville's Cross sun ɗan fi nisa, sun fi sauƙi. Ka je ka ga gidan da idonka, ka duba bayan kabad da kusurwar taga ko akwai danshi, ka tambayi masu zama a ciki nawa suke biyan wuta da gas a hunturu. Ka duba ko yarjejeniyar ta haɗin gwiwa ce, domin a irin wannan idan ɗaya ya gudu sauran ne za su biya rabonsa. Yawancin masu gida za su nemi wanda zai tsaya maka da ke zaune a Birtaniya, ka fara tunanin wannan da wuri. A dokar Ingila kuɗin ajiya ba ya wuce hayar mako biyar, kuma dole mai gida ya saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Gidan da ɗalibai ne zalla a ciki ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma, amma sai kun kai takardar shaidar ɗalibta. Kafin ka sa hannu, ka kai yarjejeniyar ofishin shawara na ƙungiyar ɗalibai su karanta maka, ba a biyan ko sisi.